Tsakanin Sani da Kwaikwayo: Musulmi da Shirye-shiryen Talabijin na Tarihin Fasahar Turawa

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar gardama ce da aka yi a gabana a garin Filinge, wani dare bayan sallar isha'i. Mun fito daga masallaci sai muka tarar da samari sun kewaye akwatin talabijin na wani mai shayi, ana nuna wani shiri cikin Faransanci a kan masu zanen ƙasar Italiya na shekaru 500 da suka wuce. Na'urar ɗaukar hoto tana bin rufin wata majami'a sannu a hankali, ga hotunan mutane birjik, wasu da sutura wasu babu. Wani dattijo daga cikinmu ya ja ya tsaya, ya ce, "Kai yara, ku kashe abin nan. Daga gaban Allah kuka fito, sa'an nan ku zauna gaban gumaka?" Wani malamin lekol da ke kan benci ya miƙe, ya rusuna, ya ce, "Baba, a yi mini aikin gafara. Tarihi ne ake koyarwa, ba bauta ake yi ba. Yaran nan in sun yi nisa da karatu, irin wannan za su tarar a gabansu." Dattijo ya dube shi ya ce, "To Malam, a cikin akwatin nan wa ya taɓa ba ka labarin kakanka?" Malamin ya yi shiru. Shi kuwa mai shayi, don a rabu lafiya, sai ya juya tasha zuwa ƙwallon ƙafa.

Na koma gida ina ta jujjuya maganar a zuciya, domin na ga kowanne daga cikin mutanen nan biyu ya riƙe wani yanki na gaskiya, sa'an nan aka tashi ba a haɗa yankunan ba. Tambayar kuwa ba ƙarama ba ce, tunda yau kusan kowane saurayi yana yawo da talabijin a aljihunsa. Shin ya dace Musulmi ya zauna ya koyi tarihin zane da sassaƙa da gine-ginen Turawa daga bakin Turawa? In ya dace, da wane sharaɗi? In bai dace ba, wace hasara muke ɗaukar wa kanmu?

Asalin waɗannan shirye-shirye

Wajibi ne kafin a yanke wa abu hukunci a san shi. Shirin da ake ɗauka a matsayin uban irin waɗannan shirye-shirye shi ne wanda gidan talabijin na BBC ya nuna a Ingila a shekarar 1969, mai suna Civilisation, watau wayewar kai. Kashi 13 ne, kuma wani masanin tarihin fasaha mai suna Kenneth Clark ya gabatar da shi. Ya ɗauko labari tun daga rushewar daular Rum ta yamma, ya bi ta kan manyan majami'u da fadoji da masu zane da mawaƙa, har ya iso zamanin injuna. Daga baya wasu suka bi sawunsa. A Faransa an yi shirin Palettes na Alain Jaubert, wanda yakan ɗauki zane ɗaya tak ya feɗe shi tun daga launi har zuwa manufar mai shi. Shirye-shirye irin waɗannan su ne ke iso mana ta tauraron ɗan Adam da kuma ta wayar hannu.

Mu kuwa a Nijar, koyo ta akwatin talabijin ba baƙonmu ba ne. Tun a shekarar 1964 aka fara gwajin koyar da yaran firamare ta talabijin a Yamai, tare da taimakon Faransa, tun kafin a buɗe tashar Télé-Sahel domin jama'a baki ɗaya a ƙarshen shekarun 1970. A zamanin mulkin Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu a nan ƙasar Filinge, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, an rarraba akwatunan kallo na jama'a a garuruwa da ƙauyuka, wasunsu masu aiki da hasken rana. Ashe tun fil azal talabijin ya shigo mana ne da rigar malami. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, wa ya rubuta wa wannan malami darasin da yake biya mana?

Sanin abu daban, yarda da shi daban

Mu fara da maganar dattijonmu a kan gumaka, domin tana da tushe. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tafi a kan cewa haramun ne sassaƙa cikakken mutum-mutumi mai inuwa na abu mai rai, sa'an nan suka sassauta hukunci a kan zanen da ke shimfiɗe a bango ko takarda, ko da yake ba su so shi ba. Dalilin tsanantawar sananne ne. Suratu Nuhu ta ambaci sunayen gumaka biyar na mutanen Annabi Nuhu (A.S.), kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) cewa asalinsu sunayen salihan bayi ne, waɗanda aka kafa wa alamomi don tunawa, da zamani ya yi tsawo ilmi ya gushe sai aka koma bauta musu. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma ba ya tsufa.

Amma ka lura, ya kai ɗan'uwa mai karatu, Alƙur'anin da ya hana mu bautar waɗannan gumaka shi ne ya sanar da mu sunayensu. Shi ne ya ba mu labarin gine-ginen Adawa, da gidajen da Samudawa suka fafe a cikin duwatsu, da benen da Fir'auna ya umurci Hamana ya gina masa. A wurare da dama, kamar a Suratu Ali Imrana da Suratur Rum, an umurce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Ba a duba ƙarshen mutane sai ta abin da suka bari, abin da al'ummai ke bari kuwa shi ne gini da rubutu da aikin hannu. Saboda haka duban wa'aztuwa da neman sani ba ɗaya yake da duban girmamawa da ƙanƙan da kai ba.

Magabatanmu sun fahimci haka. Abu Raihan al-Biruni ya koyi harshen malaman Hindu, ya zauna da su, ya rubuta littafi a kan addininsu da lissafinsu da al'adunsu a wajen shekarar 1030 Miladiyya, har ya yi bayanin gumakansu dalla-dalla, kuma wannan bai rage masa kome daga tauhidinsa ba. Da ya toshe kunnensa da sunan tsoron Allah, da Musulmin zamaninsa sun zauna da maƙwabtan da ba su sani ba. Hausawa kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai kuma fa'idodi da mai lura zai tsinta a cikin waɗannan shirye-shirye waɗanda za su ƙara masa natsuwa da addininsa. Zai ji cewa su kansu Kiristoci sun daɗe suna jayayya a kan hotuna. A daular Rum ta gabas an shafe fiye da shekara 100, daga wajen 726 zuwa 843, ana rikici tsakanin masu farfasa hotunan majami'u da masu kare su. A shekarar 1566 mabiya ɗariƙar Furotesta sun afka wa majami'u a ƙasashen da a yau ake kira Holan da Beljiyam suna karya mutum-mutumai. Shi kansa Michelangelo, wanda ya zana rufin majami'ar Sistine a fadar Fafaroma daga 1508 zuwa 1512, daga baya ya zana hoton tashin ƙiyama a bangonta, to tsiraicin da ke cikin wannan hoto na biyu ya dami manyan cocin, har a shekarar 1565 aka sa wani mai zane, Daniele da Volterra, ya lulluɓe al'aurar mutanen da mayafai. Ashe abin da ya sosa zuciyar dattijonmu a Filinge ya taɓa sosa zukatan malaman Nasara a birnin Rum. Yaron da ya san wannan ba zai ɗauki kunyar iyayensa ƙauyanci ba.

Haka nan zai ji, in mai shirin adali ne, cewa dabarar nuna nesa da kusa a kan shafi, wadda masu zanen birnin Florence suka shahara da ita a ƙarni na 15, ta amfana da littafin Hasan ɗan Haisam a kan ilmin gani, wanda aka fassara daga Larabci zuwa Latin tun wajen shekarar 1200. Zai ga a cikin wasu zane-zanen majami'un Italiya an ƙawata gefen riguna da rubutu mai kama da Larabci, saboda yadda yadukan ƙasashen Musulmi suke da daraja a idonsu a wancan zamani. Ilmi da sana'a sun daɗe suna ƙetare teku ta kowane ɓangare.

Sharaɗi ɗaya dai ba ya faɗuwa, shi ne runtse ido daga tsiraici. Kiran hoto da sunan fasaha ba ya mayar da al'aura ta zama ba al'aura ba. Inda shiri ya kai ga haka, Musulmi ya kau da kai ko ya tsallake wurin, kuma kada a bar ƙananan yara su kaɗai a gabansa. A nan maganar dattijo ita ce daidai, babu kwana-kwana.

Ma'aunin da ke hannun mai ba da labari

Sai dai a ganina hatsarin da ya fi gumaka da tsiraici girma yana wani wuri da ido ba ya saurin kai wa. Ban taɓa jin wani ɗan Kurfai ya kalli shiri ya tashi ya sassaƙa gunki ya yi masa sujada ba. Abin da na sha gani shi ne saurayin da ya kalla ya tashi yana raina gidan ubansa.

Ga misali. A kashin farko na shirinsa, Kenneth Clark ya jera wani sassaƙen rufe fuska na Afirka da kan gunkin Apollo na Girkawa, ya yarda cewa na Afirkan yana da ƙarfin taɓa zuciya, amma ya yanke cewa na Girkawan ya fito ne daga wayewar da ta fi ɗaukaka. A cikin kashi 13 ɗin nan bai ware wa Andalus ko ɗaya ba, duk da cewa babban masallacin Ƙurɗuba, wanda aka soma ginawa a ƙarshen ƙarni na 8, a ƙasar Turai yake tsaye har gobe. Don yi masa adalci, ya rubuta a jikin sunan shirin cewa ra'ayinsa ne na kansa. To amma mai kallo a Shikal ko Tukunus ko Bonkuku ba ya riƙe wannan ƙaramin gargaɗi. Abin da ke shiga zuciyarsa shi ne kiɗa mai taushi, da murya mai natsuwa, da kalmar wayewa da aka liƙa wa dutsen marmara, alhali shi ginin laka ya sani. Ba a zage shi ba, ba a ma ambace shi ba, kuma wannan rashin ambato ya fi zagi tasiri, domin zagi ana iya mayar da martaninsa.

Su ma Turawa wasunsu sun farga da wannan. A shekarar 1972 John Berger ya yi wa BBC shiri mai kashi 4 inda ya nuna cewa da yawa daga zane-zanen da ake yabo an yi su ne don nuna dukiyar masu kuɗi, kuma hotunan mata tsirara an yi su ne don sha'awar mazan da suka biya. A 1984 Basil Davidson ya yi shiri mai kashi 8 a kan tarihin Afirka. A 1986 Farfesa Ali Mazrui, Musulmi ɗan Mombasa ta ƙasar Kenya, ya gabatar da shiri mai kashi 9 inda ya bayyana Afirka a matsayin mai gado uku: na gargajiya, na Musulunci da na Turai. A 2018 BBC ta sake yin shirin wayewar kai, wannan karon ta mayar da sunan jam'i, ta shigar da sauran al'ummai. Idan masu abu sun yarda ma'auninsu yana da tawaya, ina dalilin da zai sa mu karɓe shi ido rufe?

Darasi daga ƙasar Kurfai

Mu mutanen wannan yanki muna da tarihin da ya kamata ya sa mu fi kowa fahimtar wannan al'amari. A wajen shekarar 1925, lokacin da mulkin mallaka ya matsa wa talakawa da haraji da aikin tilas, wata mata mai suna Shibo daga Shikal ta fito da wani sabon salon bori da aka sani da Babule, wanda a wasu wurare ake kira Hauka. Mabiyansa sukan hau iska su riƙa kwaikwayon gwamna da kumandan da sojan Faransa, da tafiyarsu da tsawarsu da faretinsu, suna kuma bijire wa sarakunan da Nasara ke mara wa baya. Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kama su aka ɗaure. Daga baya 'yan ci-rani suka tafi da abin har Gwalkwas, watau Gana ta yau.

Ba muna yabon bori ba ne, Allah ya tsare mu, domin hukuncinsa a shari'a a bayyane yake. Abin lura shi ne halin zuciyar wanda aka fi ƙarfi. Mutanen nan sun ga ikon Bature amma ba su da hanyar sanin inda ikon ya samo tushe, ba su ga makarantunsa da ma'aikatunsa da littattafansa ba, sai suka kama abin da ido ya gani: hula da tsawa da taku. Wannan shi ne kwaikwayo ba tare da sani ba. Mai haddace sunayen masu zanen Turai don a ce ya waye, yana ƙyamar rawanin mahaifinsa, bai yi nisa da su ba, illa dai shi nasa borin ba a kaɗa masa goge.

Labarin bai ƙare a nan ba. A shekarar 1954 Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar finafinai a Nijar har ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya ɗauki bikin 'yan Hauka a kusa da birnin Accra. Fim ɗin, mai suna Les Maîtres fous, ya nuna mutane suna kumfar baki suna cin naman kare. Da aka nuna shi a Paris, 'yan Afirka da suka kalla sun fusata, suna tsoron Turawa za su ɗauka haka dukan baƙar fata suke. Rouch ya ce manufarsa ita ce tona haukan mulkin mallaka, kuma mai yiwuwa da gaske yake. Duk da haka, ka duba yadda rabon ya kasance: su sun aiko mana da mafi kyawun abin da kakanninsu suka gina, mu kuwa abin da duniya ta fi sani da ya samo asali daga Kurfai shi ne wannan. Duk wanda bai ba da labarin kansa ba, wani zai bayar, kuma da ma an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin da ya rage a kanmu

To ashe tambayar da dattijo ya jefa wa malamin lekol, mu duka ya jefa wa. Wa ya hana mu ba da labarin kakanninmu? Ba rashin abin nunawa ba ne. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da laka aka gina ta tun farkon ƙarni na 16, aka sabunta ta a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan gadon duniya. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya soma gina masallacin Juma'a a 1962 da ƙasa da itace, aikin da ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Zariya akwai masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. A nan jihar Tillaberi, a Bura, an tono kayan yumɓu na mutanen da suka rayu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, waɗanda masanin nan Bube Gado ya yi aiki a kansu a 1983, kuma da yawa daga irinsu ɓarayi sun sace sun sayar a ƙetare tun ba mu san darajarsu ba. Ga gidan adana kayan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959. Ga rubutun allo da zayyanar saukar Alƙur'ani, ga aikin dukawa da masaƙa da maɗinka riguna. Yaranmu nawa ne aka taɓa zaunar da su aka ce musu wannan ma fasaha ce, ga sunan mai ita, ga yadda ya yi ta?

A nan ne ya kamata mu yi koyi da Turawa, koyi na mai hankali. Abin ɗauka a wurinsu shi ne himmar adanawa: yadda suke rubuta sunan magini da shekarar gini, su gyara abin da ya tsufa, su kashe dukiya su koya wa 'ya'yansu. Mu kuwa sau nawa muka rushe tsohon masallacin laka muka aza na siminti ba tare da mun ɗauki ko hotonsa ba? Sau nawa gara ta cinye littattafan malami bayan rasuwarsa, magada suna ta rabon gona? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yanzu da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a shekarar 2025, uzurinmu ya ƙara raguwa.

Saboda haka shawarata ga iyaye ita ce, kada su wadatu da cewa a kashe, domin yaron da aka kora daga gaban akwatin mai shayi zai ƙarasa kallon a wayarsa cikin ɗaki, inda babu mai yi masa gyara. Gara uba ya zauna tare da ɗansa, ya tsallake abin da shari'a ta hana, sa'an nan ya tambaye shi: wa ya yi wannan shiri, me ya nuna, me ya bari? Ga malaman lekol kuma, duk ranar da suka ambaci majami'ar Paris, su ambaci masallacin Yama. Ga samarinmu masu wayoyi, ga aikin lada a gabanku: ku je wurin tsofaffin magina da maƙera da alarammomin Kurfai tun suna raye, ku nemi izininsu da ladabi, ku ɗauki bayaninsu, ku rubuta suna da gari da shekara. Kwamitocin masallatai suna iya ajiye irin wannan a wuri ɗaya, kuma kuɗinsa bai kai na lasifika ɗaya ba.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya tsare idanunmu da zukatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana abin gado. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Wallahu a'alamu.